Ko Ana Zaluntar Dabba da Ƙoshi?

Fuƙaha'unmu na mazhabar Imamu Malik, da ma na sauran mazhabobi, Allah ya saka musu da alheri, ba su bar babin haƙƙin dabba a kan mai ita ba sai da suka yi masa bayani mai gamsarwa. Shehu Halilu ya tabbatar a cikin Muhtasar cewa nafaƙar dabba wajibi ce a kan mai ita muddin babu makiyayar da za ta ci da kanta. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Masar a shekarar 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa na Ƙawa'idul Ahkami, har ya ambaci cewa ciyarwar ba ta faɗuwa ko da dabbar ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a sauran amfana da ita. Tushen wannan kuwa sananne ne ga kowane almajiri: matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da raƙumin da ya kai kukansa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don mai shi yana barinsa da yunwa yana kuma jibga masa aiki, da mutumin da aka gafarta masa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma wanda ya yi nazarin waɗannan duka zai ga fuska ɗaya suka fuskanta, watau tsoron kada a ƙuntata wa dabba a hana ta, domin a zamanin da aka rubuta su, da ma a yawancin ƙasashenmu har gobe, ta wannan ƙofar zalunci yake shigo wa dabba. Mas'alar da nake so in duba ta wata ƙofa ce daban: shin mutum yana iya zaluntar abin da yake ƙauna ta hanyar ba shi ainihin abin da yake roƙo?

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar a sha'anin wasu karnukan farauta na ƙasar Ingila, waɗanda aikinsu na asali shi ne ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, ko ya faɗa cikin tafki ko cikin duhuwar ciyawa, su kawo masa a baki ba tare da haƙori ya taɓa naman ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne Labrado. Kakanninsa karnukan masunta ne na tsibirin Niyufanlan da ke gabashin Kanada, inda ruwan teku ke da sanyin da zai kashe mutum cikin ɗan lokaci, kuma a cikin wannan ruwa suke wuni suna jawo igiyar taru suna kamo kifin da ya suɓuce daga ƙugiya. Jiragen da ke kai busasshen kifi tashar Poole a kudancin Ingila su suka zo da su a farkon ƙarni na 19, sarakunan gidan Malmesbury da na gidan Buccleuch suka ga ƙwazonsu a ruwa suka shiga kiwonsu don farautar agwagin daji, har ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da su a matsayin jinsi mai zaman kansa a shekarar 1903. Ɗan'uwansa mai dogon gashi ruwan zinariya, wanda ake kira Goldin, a Sikotilan aka samar da shi, a gandun Guisachan na Lord Tweedmouth, daga wani haɗi da aka yi a 1868.

Allah ya hore wa waɗannan karnuka gashi riɓi biyu da ruwa ba ya ratsawa, da fata tsakanin yatsu don iyo, da jela mai kauri da suke juya jiki da ita a ruwa, da kuma ciki mai karɓar duk abin da ya samu, domin wanda ke wuni a ruwan ƙanƙara ba shi da halin tsirfa a abinci. Sa'an nan zamani ya juya. Saboda sanyin halinsu da haƙurinsu da yara, sai aka ɗauke su daga bakin tafki aka shigar da su ɗaki, har Labrado ya shekara 31 a jere, daga 1991, yana kan gaba a yawan karnukan da ake yi wa rajista a Amurka. Aikin ya tafi, amma cikin yana nan yadda yake.

Ma'aunin da masu kiwonsu suka rubuta ya ce namijin Labrado yana tsakanin kilo 29 da 36, macen kuwa tsakanin 25 da 32. Sai dai likitocin dabbobi ba su cika dogara da sikeli kaɗai ba, tun da ƙashin wani ya fi na wani girma, sun fi dogara da ido da tafin hannu bisa wani ma'auni mai daraja tara, wanda 4 da 5 su ne i'itidali. Za ka ɗora hannu a gefen ƙirjin kare ka shafa ba tare da dannawa ba. In ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ɗan siririn kitse, to lafiya. Sa'an nan ka tsaya a kansa ka duba daga sama, ya kamata ka ga ƙugu ya tsuke a bayan haƙarƙari kafin kwankwaso. Ka koma gefe ka duba, ya kamata cikin ya ɗame ya yi sama wajen cinya. Wanda ya wuce haddi kuwa ba ya ɓuya. Bayansa ya baje ya yi faɗi, gindin jelarsa ya tara kitse har ya yi gunduwa, wuyansa ya haɗe da kafaɗa. In yana kwance aka kira shi sai ya fara kafa ƙafafun gaba, ya dakata, ya yi nishi, sa'an nan ya jawo na baya da ƙyar, jelar nan tana ta kaɗawa don murna alhali kwatangwalo na yi masa zogi. Kare ne da aka halitta don ya faɗa tafki daga gaɓa, ga shi yana shawara da matakala uku.

Ba zato ba ne cewa wannan kitse yana cin kwanakinsa. A Amurka, a cibiyar bincike ta kamfanin Purina, an ɗauki 'yan kwikwiyon Labrado 48 tun suna da mako takwas, aka haɗa su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, jinsi ɗaya, nauyi kusan ɗaya, aka riƙa ba ɗaya kashi uku cikin huɗu na abin da ɗan'uwansa ya ci, abinci iri ɗaya, har ƙarshen rayuwarsu. Da aka bayyana sakamakon a 2002, sai aka ga tsaka-tsakin shekarun waɗanda aka rage wa ya kai 13, na 'yan'uwansu kuwa 11.2, kuma buƙatar maganin amosanin gaɓɓai ta riski masu ƙoshin suna wajen shekara 10, ba ta riski ragaggun ba sai wajen 13. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan bincike shi ne cewa masu ƙoshin ba wasu tulin kitse ba ne da za a nuna da yatsa. A ma'aunin nan mai daraja tara tsakanin 6 da 7 suke, watau irin karen da baƙo zai gani ya ce ma sha Allahu, ana kula da shi. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma Shi ne ya sanya sabubba, kuma bai halatta mana mu riƙi sababin cuta da hannunmu sa'an nan mu jingina abin ga ƙaddara ba.

To, a nan mai hankali zai ce: ina zalunci a wurin mutumin da bai nufi kome ba sai alheri, alhali ayyuka suna tare da niyyoyinsu? Lalle wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba na ɗaukar mai irin wannan kare a matsayin mugu. Dubi yadda abin ke faruwa. Mutum ya zauna cin abinci, kare ya zo ya zauna a gabansa ya langaɓe kai, ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa, idanun nan masu ruwan ƙasa suna bin loma daga kwano zuwa baki, miyau na dalala. Ya ce a ransa, ɗan wannan me zai yi masa? Ya miƙa. Uwargida ta miƙa nata a madafa, yara suka miƙa nasu a ɓoye, kowa yana zaton shi kaɗai ya ji tausayi. Amma in mutum ya yi wa kansa hisabi da gaskiya zai ga cewa abin da ya kawar da wannan loma ba yunwar kare ba ce, tun da yunwar za ta dawo kafin ya wanke hannu. Abin da ya kawar shi ne nauyin da kallon ya ɗora wa zuciyarsa, ya kuma sayi daɗin ganin jela na kaɗawa dominsa. Imamu Gazali ya daɗe da faɗakarwa a Ihya'u cewa rai yana da dabarar shigar da muradinsa cikin rigar ɗa'a har mai shi ya kasa rarrabewa. Niyya tana gyara ladan aiki a wurin Allah, amma ba ta sauya abin da kitse ke yi wa gwiwa, kuma tana iya zama uzuri ga wanda bai sani ba, ba ga wanda likita ya gaya masa sau da yawa ya ƙi ji ba. So hana ganin laifi, in ji Hausawa, kuma laifin da ya fi wuyar gani shi ne wanda yake kama da kyauta.

Akwai kuma wani asali da ya kamata a tuna. An hore mu a Suratul A'arafi da mu ci mu sha kada mu yi israfi, kuma hadisin Miƙdamu ya raba mana ciki kashi uku, na abinci da na sha da na numfashi. Amma wannan magana da mukallafi ake yi, mai hankalin da zai ga gobe tun yau ya janye hannunsa daga akushi. Kare ba mukallafi ba ne. Ba a ba shi linzamin da zai ja wa sha'awarsa ba, don haka babu zunubi a kansa ko ya ci har ya fashe, kuma kuskure ne a kira shi mai haɗama kamar wanda ake zargi. A dawa, ƙarancin abinci da wahalar nemansa su ne linzaminsa. Ranar da mutum ya ɗauke shi daga wannan hali, ya rufe shi a gida, ya zama shi kaɗai ne ƙofar arzikinsa, to ya cire masa wancan linzami, kuma dole ya ara masa hankalinsa a madadinsa, kamar yadda waliyyi ke tsaya wa wanda ba ya iya tsaya wa kansa. Tasarrufin waliyyi kuwa, a wurin malaman usuli, a ɗaure yake da maslahar wanda ake riƙo, ba da abin da ya roƙa ba.

Wani zai kawo ƙiyasi da ragon layya, ya ce ai mu ma muna ɗaure rago wata da watanni muna ɗura masa dusa da harawa da ƙowa har ya kasa tashi da sauri, kuma shari'a ta so a yi layya da mai ƙiba. Ƙiyasin bai daidaita ba. Ƙibar rago tana da manufar da shari'a ta yarda da ita, wadda take komawa ga ibada da ciyar da mutane, kuma kwanakinsa ƙididdigaggu ne, ba zai kai ga tsufan da gaɓɓai za su gaza ɗaukarsa ba. Karen nan fa, shekaru zai yi yana jan wannan kaya, kuma babu wanda zai amfana da kitsen, ko shi ko waninsa.

Da maganar ta tsaya a nan da ta yi sauƙi, amma binciken da ya biyo baya ya ƙara mata nauyi. A 2016 wata likitar dabbobi a Jami'ar Kambirij, Eleanor Raffan, da abokan aikinta suka gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na Labrado suna da wata tawaya a ƙwayar gado da ake kira POMC, wadda tana cikin masu isar da saƙon ƙoshi a ƙwaƙwalwa. Kowane kwafi ɗaya na tawayar yana tafiya da ƙarin nauyi na kusan kilo biyu, kuma a wani ɗan'uwansu mai baƙin gashi kwantacce tawayar ta fi yaɗuwa nesa. A 2024 suka ƙara da cewa irin waɗannan karnuka yunwa tana saurin dawo musu tsakanin ci da ci, sa'an nan a cikin waɗanda aka auna an ga jikinsu yana ƙona abinci ƙasa da na sauran da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu in suna hutawa. Ma'anar wannan ita ce, kallon da karen yake yi maka ba wayo ba ne ko shagwaɓa. Da gaske yake jin yunwa, kuma abin da zai ishe shi zama lafiya bai kai abin da zai kashe masa ita ba. Ashe ke nan mai shi yana tsakanin cuta biyu: ya ƙosar da shi ya gurgunta shi, ko ya tsare masa gaɓɓai ya bar shi da wata 'yar yunwa da ba ta rabuwa da shi. Wanda ya ce wannan ba abin damuwa ba ne bai san nauyin hadisin kyanwar nan ba.

Ni dai abin da na rinjayar shi ne ƙa'idar da malamai suka kafa ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu in babu makawa sai ɗaya. Yunwar da ake magana ba irin ta kyanwar da aka tsare ba ce, wadda ke cin tsoka ta kai ga halaka. Jiki ya sami haƙƙinsa cif, saƙon ne bai isa ba, kuma abu ne mai zuwa ya wuce, wanda wasa ko aiki ke mantar da shi. Ciwon gaɓɓai kuwa in ya zauna ya zauna ke nan, yana hana barci, yana hana gudu da iyo, waɗanda su ne farin cikin wannan halitta. Sai dai ƙa'idar ba ta ba mutum izinin ya rage kwano ya juya baya ba, domin wanda ya zaɓi ƙaramar cuta wajibi ne ya ƙara ƙanƙanta ta gwargwadon ikonsa. Likitoci sun nuna hanyoyi: a auna abincin yini da sikeli tun da safe, duk wata 'yar kyauta da za a ba shi a cire ta daga cikin wannan awo, a raba shi kashi-kashi, a zaɓi mai yawan harza da ke cika ciki ba tare da tara kitse ba, a watsa shi cikin ciyawa ya nema da hanci, abin da zai lamushe cikin daƙiƙa kaɗan ya ɗauke shi rabin sa'a, a kai shi ruwa ya yi iyo, a jefa masa abu ya ɗauko, tun da sau da yawa abin da yake nema a wurin ubangidansa kulawa ce, abinci kuwa shi ne kulawar da ta fi araha ga mai gaggawa. Duk wannan ya fi miƙa loma wahala, kuma a ganina wannan wahalar ita ce nafaƙar da ke kansa a haƙiƙa.

Laifin bai tsaya kan masu gida kaɗai ba. Jinsin nan ya rabu biyu a hannun masu kiwo: na farauta, siriri mai dogayen ƙafafu, da na gasar nuni, gajere mai faɗin ƙirji da ƙaton kai; kuma alƙalan gasa sun daɗe suna fifita mai cika ido, har ido ya saba. Masu bincike a Jami'ar Libaful sun duba hotunan karnukan da suka yi fice a babbar gasar Crufts ta Ingila cikin shekaru da dama, suka bayyana a 2015 cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu sun wuce nauyin da ya dace, a Labrado kuwa abin ya haura rabi. In zakaran gasa haka yake, yaya talaka mai kare ɗaya zai gane nasa ya yi ƙiba? Har ta kai wanda ya tsare karensa a kan i'itidali shi ake tsayarwa a hanya a ce masa yana horar da dabba da yunwa. Al'ada abar lura ce a shari'a, amma ba ta da ikon mai da cuta lafiya don kawai ta game gari.

Ina tsoron kada wani marowaci a ƙasarmu ya karanta wannan ya samu abin fakewa. Karnukan da ke yawo a unguwanninmu, da na gadi da ake ɗaurewa a rana a manta da su, ba ƙiba ce matsalarsu ba. Ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, ƙashin kwankwaso ya fito tsuru, kuma wannan shi ne tsohon zaluncin da littattafai suka yi magana a kansa. Mazhabarmu tana ganin kare mai rai tsarkakakke ne, wankin ƙwaryar da ya sha a cikinta sau bakwai kuma ta'abbudi ne. Alƙur'ani ya halatta abin da horarren kare ya kamo a Suratul Ma'ida. Ko da kuwa mutum yana da ra'ayi mai tsanani game da ajiye shi a gida ba don farauta ko kiwo ko gona ba, wannan wata mas'ala ce daban, ba ta kuma sauke haƙƙin wanda ya riga ya shiga hannunsa. Mafarautanmu, a nasu ɓangaren, sun san wannan ilimi ba tare da sikeli ba, domin babu mai fita da kare mai teɓa ya sa ran zomo.

A binciken Kambirij ɗin nan na 2016 akwai wani adadi da na kasa wucewa. Da aka duba Labrado 81 daga cikin waɗanda aka keɓe don yi wa makafi da naƙasassu hidima, sai aka sami tawayar a jikin kimanin kashi uku cikin huɗu, alhali a sauran jama'ar jinsin ɗaya cikin huɗu ce. Masu binciken sun yi zaton dalili shi ne cewa da abinci ake horar da su, saboda haka wanda ya fi jin yunwa shi ya fi saurin koyo, shi ake zaɓa, shi ake bar wa iri. In haka ne, to ba da gangan ba, mutum ya tace yunwa ya tara ta a cikin karnukan da suka fi yi masa amfani, kuma makahon da ke tsallaka titi lafiya a Landan yana cin moriyar wani rashi da ke jikin jagoransa. Ban ce a daina wannan aiki ba, domin maslaharsa babba ce; amma yanzu da gwajin gano tawayar ya samu, masu kiwo ba su da sauran uzurin jahilci, kuma ya zama dole su sanya ta cikin abin da suke dubawa kafin su haɗa iri, su kuma gaya wa duk wanda suka miƙa wa ɗan kwikwiyo irin cikin da zai yi shekara goma sha yana aunawa.